Tambaya da amsa: yadda Somaliyawa ke haɗa naman ajiya na mukmad

Tambaya: Na ji an ce Somaliyawa suna da wani nama da suke ajiyewa wata da watanni ba firji. Yaya ake yin sa, kuma da me ake ƙamsasa shi?

Amsa: Sunansa mukmad, a wasu yankunan kuma odka. Guzurin makiyaya ne tun asali, an fi yin sa da naman raƙumi ko na shanu, kuma yana cikin kayan da ake kaiwa a bikin aure a arewacin ƙasar Somaliyawa.

Ki samu tsoka zalla kilo 1, ki cire kitse da jijiya. Ki yanyanka ta dogo-dogo, kaurin bai kai yatsa ba, ki murza gishiri cokalin shayi 2, ki rataya a igiya inda iska ke kaɗawa, ki yafa yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Kwana 1 zuwa 2 ya isa lokacin hunturu. Da damina kam ki haƙura, naman zai yi wari kafin ya bushe. In kin lanƙwasa kin ji ya yi tauri, cikinsa ba danshi, sai ki daddatsa shi ƙanana kamar ƙwayar wake.

A suya ne aikin ya fi ɓaci. Ki narka man shanu kofi 2, amma lallai soyayye. Ɗanyen man shanu yana ɗauke da ruwa da ragowar nono, su ne ke jawo funfuna da ɗaci. Ki zuba naman, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa. Zai yi ta kumfa muddin da sauran ruwa a jikinsa. In kumfar ta lafa, naman ya yi duhu, ya soyu. Wuta mai ƙarfi tana ƙona bayansa ta bar cikinsa da danshi.

Kayan ƙamshin ba su da yawa: dakakken kadamon, wanda suke kira hel, cokalin shayi 1, wasu su ƙara kanumfari kaɗan. Sai daf da saukewa za ki zuba, don in sun daɗe a mai sai su ƙone.

Idan ya huce, ki juye a busasshen mazubi mai murfi, man ya shanye kan naman gaba ɗaya, domin duk abin da ya leƙo waje shi ne zai fara lalacewa. Kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga ciki. Da safe ake ɗibar kaɗan a ɗumama, a ci da anjero, wato wainarsu mai faɗi ta ƙulli mai ɗan tsami, da shayi.