Tambaya da Amsa: Yadda Ake Mayar da Kabad Gidan Renon Furen Okid

TAMBAYA: Barkanku da aiki. Ina da tukwanen okid guda shida irin Phalaenopsis a falo. Bakin ganyensu yana bushewa, saiwoyin da suka leƙo waje kuma sai ƙanjamewa suke. An ba ni shawara in haɗa musu ɗakin gilashi a cikin gida. Ta ina zan fara?
Daga wata mai karatu

AMSA: Malama, fara da sanin halin shukar. Phalaenopsis a daji ba a ƙasa take tsirowa ba, jikin reshen bishiya take maƙalewa, ruwan sama ya jiƙa saiwarta, iska ta busar da ita. Laima take so, amma laima mai motsi. Wanda ya tara danshi a akwatin gilashi ya rufe ruf, ya gudu daga bushewa ne ya faɗa ruɓewa.

Kabad ɗin gilashi mai ƙashin ƙarfe, irin na jera kayan ado, ya wadatar. Wanda tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi, zurfinsa santimita 40, zai ɗauki tukwanenki shida har da sauran wuri. Na katako ba ya jure danshi, yakan kumbura ya yi fumfuna. Ki cire gilasan da aka raba hawa-hawa da su, ki sa ragar ƙarfe mai rufin roba, domin gilashi yana tare iska, ya bar hawan ƙasa a cushe. Hawa biyu sun isa, a bar kamar santimita 60 a tsakani, don karan furen yana yin tsayi. A huda rami ɗaya a bayan kabad ɗin ko a ƙasansa don wayoyi, a shafa wa bakin ramin fentin hana tsatsa, a sa masa zoben roba kada ƙarfen ya yanki waya. Gefen ƙofa a liƙa masa siririn soso mai gam, amma ki bar wata 'yar kafa a sama da wata a ƙasa. A can ƙasa a ajiye faranti mai zurfi da zai tari ruwan da ke ɗiga.

Sai fitila. Sandunan LED farare guda biyu, kowace mai wat 10 zuwa 15, sun isa hawa ɗaya, a rataye su santimita 30 zuwa 40 sama da ganye. A haɗa su da agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa, su yi awa 12 zuwa 14 a kunne. Phalaenopsis tana son haske tsakanin lux 10,000 da 15,000 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Cattleya kuwa, wani irin okid ɗin, sai an ninka mata, shi ya sa ake ba ta hawan da ya fi kusa da fitila. In babu ma'auni, ganyen zai gaya miki: kore mai duhu sosai, haske ya yi kaɗan, tabo fari ko rawaya a sama, ya ƙone.

Fanka ce abin da aka fi rainawa, ita ce kuma ke raya kabad ɗin. Ki samu ƙananan fankokin kwamfuta biyu masu bolt 12, faɗin santimita 12. Ɗaya a sama tana hurawa zuwa gefe guda, ɗaya a ƙasa tana mayarwa, iskar ta riƙa zagayawa. Dare da rana suke aiki, ba a haɗa su da agogon fitila. Ganyen ya ɗan motsa kaɗan, ba ya riƙa kaɗawa ba.

Laimar da ake nema kashi 55 zuwa 70 ce cikin ɗari, zafi kuma digiri 22 zuwa 28 da rana. Ki rataye ma'aunin zafi da laima daidai tsayin ganye, ki sa ido kwana uku kafin ki sayi na'urar feshin hazo, don sau da yawa danshin tukwanen kaɗai yakan kai lambar da zarar an rufe ƙofa. Soket da adaftocin wuta duk a waje za su zauna, a kuma lanƙwasa kowace waya ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, yadda ɗigon ruwa zai faɗi ƙasa bai bi ta ya shiga wuta ba.

TAMBAYA: Na haɗa nawa kabad ɗin wata biyu ke nan. Kullum da safe gilashin a jiƙe yake, kuma ɗaya daga cikin okid ɗin ta zubar da ganyen tsakiya, gindinsa ya yi baƙi yana wari.
Daga wani mai karatu

AMSA: Malam, zuciyar shukar ce ta ruɓe. Ruwa ya kwana a maƙogwaron da sabon ganye ke fitowa. Idan fitila ta mutu da dare zafi yana sauka, laima ta haura kashi 90, raɓa ta taru a rufi ta riƙa ɗiga daidai wurin. Ka kashe na'urar hazo awa biyu kafin fitila ta mutu, ka faɗaɗa kafar sama, ka tabbatar fanka ba ta tsayawa. Ban ruwa da safe ake yi, duk ɗigon da ya shiga tsakiya a tsane shi da gefen tishu nan take.

Akwai kuma kuskuren da kusan kowa ke yi: ci gaba da ban ruwa yadda aka saba a falo. A cikin kabad tukunya ba ta bushewa da wuri. Ka koma tukunyar roba mai nuna ciki, mai ramuka a gefe, da ɓawon itace gauraye da ɗan gawayi. Saiwa kore shar ba ta bukatar ruwa; sai ta koma fari-fari kamar azurfa sannan a jiƙa ta sosai, a bari ya tsiyaye tas. Ita wadda ta ruɓe, fitar da ita daga cikin sauran, ka bar zuciyar a bushe. Ganye ba zai sake fitowa ta nan ba, amma in saiwa na da rai wani lokaci takan fitar da 'ya daga gindi.

TAMBAYA: Ganye ya yi kyau, saiwa ta cika tukunya, amma shekara guda babu fure.

AMSA: Kabad ɗin ya yi ɗumi da yawa. Phalaenopsis ba ta fitar da karan fure idan zafi ya zauna a digiri 28 ko fiye. Tana bukatar makonni huɗu zuwa shida na sanyi-sanyi, rana ƙasa da 25, dare wajen 17 ko 18. A bar ƙofar a buɗe da dare, ko a mayar da tukunyar ɗakin da ya fi sanyi. In karan ya fito amma ƙunshin furen na yin rawaya yana kaɗewa, a nisanta kabad ɗin da nunannun 'ya'yan itace da hayaƙi, don iskar etilin da suke fitarwa ce ke zubar da shi.

TAMBAYA: Wani farin abu kamar auduga ya bayyana a hammatar ganye.

AMSA: Ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka, kuma rufaffen wuri mai ɗumi shi ne abin da yake nema. A tsoma auduga a sifirit mai kashi 70, a goge kowane ɗaya, har ƙarƙashin ganye da bakin tukunya. A maimaita duk mako har sau huɗu, saboda ƙwansa na ci gaba da ƙyanƙyashewa. Sabuwar shuka kuma ta yi mako uku a keɓe kafin ta shiga kabad.