Zuwa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Manila, babban birnin ƙasar Filifin

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin ka samu gurbin karatun likita. Ka tambaye ni ko sai ka koyi Tagalog, harshen mutanen Manila, tunda an ce maka da Turanci ake koyarwa. Gaskiya ne, a aji Turanci za ka ji, littattafai ma haka. Amma ranar da aka kai ka asibiti, tsohuwa na kwance tana nishi, ba za ka san ciwonta ba sai ka iya ce mata "Saan po masakit?", wato ina ne ke miki ciwo. Don haka ka koya, tun kafin ka hau jirgi.

Sunan harshen daga "taga-ilog" yake, mutanen bakin kogi. Danginsa su ne Malayanci da harshen Madagaska. Kafin zuwan Turawa suna da rubutunsu, baybayin, kuma lokacin da Sifaniyawa suka kama Manila a 1571 sarakuna Musulmi suka tarar, cikinsu har da Raja Sulayman. Shi ya sa kunnenka zai riƙa tsintar abin da ya sani: godiya "salamat" ce, alƙali kuma "hukom". Ranar da na fara jin "salamat" a bakin mai shago sai na ji kamar an yi mini sallama daga gida. Mulkin Sifaniya na sama da shekara 300 ya bar nasa tabon: gaisuwar "kumusta" daga Sifaniyanci take, agogo ma da shi ake faɗa, ƙarfe biyu "alas-dos". A 1937 Shugaba Manuel Quezon ya ayyana Tagalog a matsayin tushen harshen ƙasa, a 1959 aka raɗa masa Pilipino, tsarin mulkin 1987 ya mai da shi Filipino.

Wannan zaɓi bai yi wa kowa daɗi ba. In makarantarka ta tura ka Cebu ko Davao, harshen Bisaya ake yi a titi, kuma wasu ba sa son a ɗauka Tagalog ne harshen kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ladabin da ke cikin Tagalog. Akwai 'yar kalma, "po", da ake saƙalawa in ana magana da babba. "Oo" na nufin i, amma ga dattijo sai ka ce "opo". Wanda ya girme ka "kuya" ne, mace "ate", daidai da yadda muke cewa Yaya. A motar haya da ake kira jeepney za ka miƙa kuɗi ga na kusa da kai ka ce "bayad po", hannu ya ba hannu har su kai ga direba, canjinka ya dawo ta hanyar da suka bi. In za ka sauka, "para po". A gidan abinci kuwa ka riƙe kalmar "baboy", naman alade ne, kuma yana shiga girki da yawa. Ka tambaya "may baboy po ba?" kafin ka sa hannu.

Nahawun zai ɗan wahalar da kai, don ana cusa ɗafi a tsakiyar kalma: "kain" ci, "kumain" ya ci. Amma babu rabon namiji da mace, "siya" ta wadatar da shi da ita. Sai ka kula da "mu" iri biyu: "tayo" har da wanda kake wa magana, "kami" ban da shi. In ka ce wa abokin karatunka "kain tayo", ka gayyace shi cin abinci ke nan.

Ka turo mini ranar saukarka. Juma'ar farko zan kai ka Masallacin Zinare na unguwar Quiapo, da yardar Allah. Ka gaida su Baba.