Fim ɗin minti ɗaya kan tsira a hamada: me ya sa fuskar jarumina take sauyawa?

Tambaya: Malam, ina so in haɗa fim ɗin minti ɗaya da manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Labarin wani direba ne da motarsa ta mutu a hamadar Tenere, tsakanin Agadas da Dirku, yana neman tsira da ransa. Matsalar ita ce kowane yanki da na fitar, fuskarsa daban. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, dalilin shi ne manhajar ba ta riƙe abin da ta yi ɗazu. Duk lokacin da ka ba ta umarni, sabon mutum take ƙagowa. Kuma gajerun yankuna take bayarwa: Veo 3 da Google ya fitar a 2025 daƙiƙa 8 yake yi, Kling na kamfanin Kuaishou kuma a wancan lokacin daƙiƙa 5 ko 10. Ke nan minti ɗaya zai ci yanki shida zuwa goma sha biyu, kowanne da damarsa ta ɓata maka fuska.

Kada ka fara da bidiyo. Fara da hoto guda na direban har sai ya kwanta maka, sannan ka riƙa ɗora shi a kowane yanki kana cewa a motsa shi. Bayanin kayansa ma ka riƙa maimaita shi kalma da kalma.

Labarinka ya ba ka sa'a. Mai tafiya a Tenere rawani yake naɗawa har hanci saboda ƙura. Naɗa wa jarumin rawani, ido kawai a waje, ka rage wa manhajar inda za ta yi kuskure. Sai ka ba shi abu guda da mai kallo zai riƙa bi: jarkar ruwa ruwan ɗorawa. A yanki na farko da nauyinta, a na biyar ya girgiza ta ana jin ɗan ruwa a ƙasa, a na ƙarshe tana kwance a yashi, bakinta a buɗe. A ganina wannan jarkar ce fim ɗin, ba sai ya furta komai ba.

Ka guji nuna yatsu suna kwance murfi ko ruwa yana zuba a baki, nan ne waɗannan manhajoji suka fi tuntuɓe. Kowane yanki motsi ɗaya ya ishe shi: tsagaggen leɓe, taya da ta nutse a yashi, mutum kwance a inuwar ƙarƙashin mota. Wannan na ƙarshe shi ne daidai, domin masu sanin hamada ba sa barin mota su kama tafiya da tsakar rana.

Sauti kuwa ka naɗa da wayarka: nishi, iska, ƙarar jarka ba komai ciki. Sai ka jera su tare da yankunan a CapCut, manhajar haɗa bidiyo.

Abu ɗaya nake roƙonka. Wannan hanya ta Agadas zuwa Dirku ta ci rayukan mutane da gaske, akwai iyalan da har yau ba su ji ɗuriyar nasu ba. Ka rubuta a jikin bidiyon cewa ƙirƙira ne, domin da zarar ya shiga WhatsApp bayanin da ka rubuta a ƙasan bidiyon ba ya bin sa. YouTube ma tun 2024 yake buƙatar a bayyana irin wannan bidiyo mai kama da gaske lokacin ɗora shi.