Buhun Kaka ba a tura shi ta waya

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce tunda kowa ya watse, wasu Abuja wasu Jos, me zai hana a daina haɗa buhun Kaka a watan Nuwamba, a tura wa mata masu ciki da masu jego da muke kai wa kuɗi ta waya su sayi abin da suke so. Na yi murmushi, can kuma jikina ya yi sanyi, don na gane ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya faɗa muku asalin buhun.

A hunturun 1982, shekarar da Paparoma John Paul na biyu ya zo Kaduna, lokacin Bauchi tana ƙarƙashin bishop na Jos, wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙan coci ta buga ƙofar gidanmu na Yelwa da tsakar dare. Ciki wata huɗu, uba ya kore ta, ga kwalbar jiƙo a hannunta da aka ba ta ta sha ya fita. Kakarki ta karɓi kwalbar ta tuttular a bayan gida, ta hura wuta ta dama mata kunu, ta shimfiɗa mata tabarma a gindin gadonta. Ba ta tambaye ta na wane ne ba. Da gari ya waye ta ɗaura zanen Zumuntar Mata, ta biya wa katikis, suka nufi gidan uban. Ya ƙi fitowa. Ta zauna a zaure da rosari har rana ta take. Sai a zuwa na uku ya leƙo, ta ce da shi, "Baba, hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar." Ranar baftismar jaririn, uban yarinyar ya zo, ya tsaya can bayan coci. Wata bakwai yarinyar tana cin tuwon gidanmu, kuma daga nan Kakarki ta fara ware buhu guda duk shekara.

Takan ce, "Wanda ya ce kada a zubar da ciki, to ya auno gero." Fada, limamin cocinmu, yakan kawo mana misalin Gianna Molla, likitar Italiya da ta zaɓi ran jaririyarta ta rasu a 1962, aka sa ta cikin tsarkaka a 2004. Kakarki ba ta yi boko ba, amma hanyar ɗaya ce.

Nuwamba watan addu'a ne ga matattu, kuma lokacin kaka ne, gero ya shigo kasuwar Muda Lawal da sauƙi. Kowace mace ana auna mata gero mudu goma, wake mudu uku, man gyaɗa kwalba ɗaya, daddawa, kuka, yajin jego, sabulu sanda biyu, zane biyu, ɗaya na goyo, da gidan sauro. Wake a shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a jarka har wuya a toshe. In aka bar iska a ciki, kafin Ista ƙwari sun mai da shi gari. Kanwa kuwa mun rage ta sosai. A da ana cika ta a kunu, a haɗa da wankan jego da ruwa mai tafasa safe da yamma kwana arba'in, sai ki ga mai jego ta kumbura tana haki, gishirin kanwa da zafin ruwa sun wahalar da zuciya. Ruwa mai ɗumi ya isa.

Yanzu kuɗin da kike magana. Yarinyar da aka kora sau da yawa wayar ba tata ba ce, kuɗin a hannun wani zai faɗa, ko mai bin bashi ya riga ta. Kuma waya ba ta ganin ƙafar da ta kumbura. Wadda ta kai kaya da kanta za ta ce a kawo katin awo ta duba. Za ta hana a matse dakashi a zubar, don shi ne kariyar farko ga jariri. Za ta hana gasa cibiya da tsumma ko shafa mata man goge baki, a sa maganin da asibiti ya bayar. Za ta tuna wa uwa allurar rigakafi: ranar haihuwa, mako shida, goma, sha huɗu, sai ta ƙyanda a wata tara. Ku yaran yanzu kun iya rubuta kalaman kare rai a Facebook, amma ba ku san ƙofar mai jego ko ɗaya a unguwarku ba. Zumunta a ƙafa take. Kakarki ba ta taɓa tambayar mace coci take zuwa ko masallaci ba, takan ce ɗa na kowa ne.

Wanda ke nesa ya turo kuɗin gero, ba laifi. Ke kuwa Jos ba nisa. An rubuta Mas ɗin tunawa da Kakarki ranar 2 ga Nuwamba. Ki iso da jajibere da jarka biyu wankakku, mata huɗu ne a kanmu bana, ɗaya ta kusa sauka.