Manaja ya ce ko ni ko ita

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ya aiki? Ni ina aiki ne a wani kamfanin casar shinkafa a wajen Kura, ni ke kula da masu ɗinkin buhu, ni ke rubuta wanda ya zo da wanda ya yi obataim. To akwai wata yarinya a cikinsu da muke soyayya, wallahi aure nake nufi ba wasa ba, kawai sai magana ta kai kunnen manaja ya kira ni ofis wai dokar kamfani ta hana, ko ni ko ita dole ɗaya ya ajiye aiki. Anti wai da gaske akwai wannan dokar? Ni dai ban taɓa ganinta a rubuce ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta hana abokan aiki son juna ba, amma kamfani na iya gindaya nasa sharaɗin a takardar ɗaukar aiki, don haka cikin ladabi ka ce a nuna maka inda aka rubuta. In kora ta zo ba bisa ƙa'ida ba, Kotun Ma'aikata na da reshe a Kano.

Amma fa tsakani da Allah manajan nan ba shirme yake ba. Matsalar biron da ke hannunka ce. Kai ke rubuta obataim ɗinta, ranar da ta makara saboda ba ta samu mai babur ba ka kau da kai, matan da ke ɗinki kusa da ita duk suna ƙirgawa, ko da ma ba ka kau da kan ba cewa za su yi ka yi, ai ka san mutanenmu. Sannan in kun ɓata fa, ta yaya za ta ce maka ta fasa alhali kuɗinta na sati sai ka sa hannu? Ko a Amurka, a 2019 kamfanin McDonald's ya sallami shugabansa Steve Easterbrook kan alaƙa da wata ma'aikaciya, kuma da yardarta ne, amma ya karya dokarsu.

Ka koma wajen manaja, roƙe shi ya mai da kai sito ko wajen sikeli, yadda ba za ta zama a ƙarƙashinka ba. Kai za ka matsa, ba ita ba, don a irin wannan rigimar yawanci macen ake sallama, ga surutun gari ya bi ta har gida. Hira a bakin get bayan an tashi kuma a bar ta haka, zance a ƙofar gidansu ake yi da izinin mahaifinta. In aure ne kamar yadda ka rantse, ka tura manya su nema maka, manajan ma in ya ji an kai kuɗin gaisuwa zai sassauto.

Af, kuma duk cikin wasiƙarka ban ji me ita ta ce ba. Ka fara tambayarta tukuna kafin ka shiga ofis ɗin.