Wai hop ai hop ne

Kai yaro, tambayarka ta fama mini tsohon miki, shi ya sa ma zan amsa. Ka ce: "Maigida, takardar haɗin giyar ta ce a sa hop ɗin Saaz, ban samu ba, hop ɗin Magnum ke hannuna. In zuba shi daidai awon da aka rubuta?" Ajiye sikelin nan ka saurara. Hop dai shi ne furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, kuma iri-iri ne.

Shekarun baya na ɗaura niyyar yin giya irin ta birnin Pilsen na ƙasar Cek, lita 100 cif. Irin wannan giya Saaz take so, hop ɗin ƙasar Cek, mai sanyin ɗaci da ƙamshi mai laushi. Na aika wa wani mai sayar da kayan haɗi, mutumin da muka daɗe muna hulɗa. Ya aiko da leda, ya rubuta Saaz a jiki da hannunsa. Da na buɗe na murza a tafin hannu, hancina ya gaya mini akwai magana, amma na ce ai wane ba zai cuce ni ba. Na zuba giram 60 a kowace lita 20, na tafasa awa guda.

Ka san wahalar wannan giya kuwa? Mako biyu yis yana aikinsa a digiri 10, sannan mako shida tana kwance cikin sanyi kusa da ƙanƙara. Firij ɗina bai huta ba, ni ma ban huta ba, har tsakar dare nakan tashi in duba ma'aunin zafi. Ranar da na ɗanɗana, sai da na tofar. Maɗaci ma ya fi ta daɗin baki. Na gauraya ta da wata ko za ta risina, na ƙara asarar waccan ma. Da na je wa mutumin, ko kunya babu, ya ce Saaz ne ya ƙare masa sai ya sa Magnum, "ai hop hop ne". Ko ba da haƙuri bai yi ba. Har yau in muka haɗu a hanya, ba na miƙa masa hannu.

Abin da bai sani ba, ko ya sani ya yi shiru, shi ne alfa asid, sinadarin da ke kawo ɗaci. Saaz yana da kashi 3 zuwa 4 da ɗoriya cikin ɗari, Magnum na Jamus kuwa 12 zuwa 14. Lambar tana jikin kowace leda ta gaskiya, ku ne dai yaran yanzu ba ku karanta komai sai waya. Giram 60 sau 3.5 na Saaz ya ba ka 210. Raba da 14 na Magnum, giram 15 ke nan. Iyakar Magnum da za ka zuba wa kowace lita 20 a farkon tafasa ke nan.

Na ƙarshen tafasa kuwa, na minti biyar ko goma, ƙamshi ake nema da shi, kuma lissafi ba ya kawo ƙamshi. Nemi Tettnang ko Lublin, su ne 'yan uwan Saaz. In babu, ka jira, giya ba ta gudu.

Batun maye tsiron sha'ir da na gwangwani da ka soko a ƙarshe: kilo ɗaya na tsiro, giram 750 na ruwa-ruwa ko 600 na gari.  Yis kam kar ka kuskura ka canja mini shi ba da sanina ba, wata giyar ce daban za ta fito.

Kuma kawo mini ledar Magnum ɗin nan in shinshina da kaina. Wa ma ya sayar maka?