Mai Gyaran Magana da Neman Aiki a Waje: Biza Za a Fara Nema Ko Lasisi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar Garwa ce, a arewacin Kamaru. Na yi shekara uku a Lome ta ƙasar Togo na karanci aikin gyaran magana, wanda ake kira ortofoni, kuma yau shekara huɗu ke nan ina aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, albashin bai taka kara ya karya ba. Wani mutum ya same ni ta WhatsApp ya ce yana da wanda zai ɗauki nauyin bizata ta aiki a Kanada, in ba shi sefa miliyan biyu da rabi, cikin wata uku in tafi. Mahaifiyata har ta fara maganar sayar da filinta. Shin da gaske ana neman masu irin aikinmu a waje? Wace ƙasa ce ta fi sauƙi? In biya kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki je ki ba Hajiya haƙuri, ta bar filinta inda yake. Kada ki tura wa mutumin nan ko dala, kada kuma ki aika masa hoton fasfonki.

Neman masu gyaran magana a waje gaskiya ne. A Faransa da Kanada iyaye kan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, suna jiran a kira su a duba ɗansu. To amma aikinmu ba irin wanda mai kamfani zai ce "zo ki fara gobe" ba ne. A duk ƙasashen da kike hange akwai hukumar da doka ta ba ta ikon cewa wane ya cancanci taɓa majinyaci, wane bai cancanta ba. Sai ta ba ki lasisi kafin asibiti ko makaranta su iya ɗaukar ki da sunan ortofonis, wato mai gyaran magana, sai sun ɗauke ki kafin su nema miki takardar aiki, sannan a zo maganar biza. Mutuminki ya faro miki daga wutsiya. Ya tambaye ki jerin darussan da kika yi a Lome? Ya tambayi awa nawa kika yi kina koyon aiki gaban majinyaci? In bai tambaya ba, ba aikinki ne ya dame shi ba, filin Hajiya ne.

Akwai abin da ya raba mu da sauran ma'aikatan lafiya, kuma shi ne tushen duk wahalar. Mai ɗaukar hoton ƙashi, ƙashi ɗaya ne a Garwa da Montiriyal. Mu kuwa harshe shi ne kayan aikinmu, shi ne kuma abin da muke gyarawa. Na taɓa duba wani dattijo a Marwa, tsohon malamin makaranta, da shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyar da Faransanci, ranar da aka kawo shi ko "ruwa" ba ya iya cewa da kowane yare. Uwargidansa na zaune gefen tabarma tana yi masa fifita, tana goge masa yawu da gefen zanenta. Na nuna masa hoto, shiru. Na gwada Hausa, shiru. Da na fara karanta Fatiha sai leɓensa ya motsa, ya bi ni har ƙarshe ba tuntuɓe. Irin wannan maganar da baki ya haddace takan tsira ko da sauran sun tafi. Daga nan muka koma gaisuwar Fulatanci, yaren da ya sha a nono. Na ce "Jam na?" Sai a mako na biyu ya amsa mini da "Jam", matar ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Da baƙo aka kawo masa wanda bai san Fatiha ba, bai san gaisuwar Fulani ba, ta ina zai shiga? To haka su ma can suke tunani a kanmu. Dole kunnenki ya rarrabe tsamin baki da karin harshen unguwa a bakin yaro ɗan shekara huɗu, a yaren da ba naki ba.

Shi ya sa Birtaniya ta tsaurara mana fiye da kowa. Hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta can, HCPC, tana karɓar maki 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS daga mai gashin ƙashi da sauran takwarorinsa, amma mai gyaran magana sai ya kawo maki 8, kuma kada wani ɓangare ya gaza 7.5. Ga wadda ta yi karatunta duka da Faransanci, wannan dutse ne babba. Wanda ya haye, ya sami rajista, ya sami aiki a wurin da gwamnati ta ba izinin ɗaukar baƙi, shi ne ake ba shi lambar shaidar ɗaukar nauyi ya nemi bizar ma'aikatan lafiya da aka ɓullo da ita a 2020. Wani abin da ya kamata ki riƙe: a jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 na ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, akwai Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya da Togo. Ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu shiga waɗannan ƙasashe farautar ma'aikata. Ke da kanki za ki iya ganin tallar aiki ki nema kai tsaye, wannan ba laifi. Amma duk wanda ya zo Garwa ko Njamena ya ce shi wakilin asibitocin Ingila ne, ki san da lauje cikin naɗi.

Amurka ba zan ɓata miki lokaci a kanta ba. Ƙungiyarsu, ASHA, tana son digiri na biyu, da awa 400 na koyon aiki ƙarƙashin kulawa, da jarrabawar Praxis, da ƙarin mako 36 na aikin gwaji, bayan haka ga lasisin jihar da za ki zauna, ga kuma takardar tantance ma'aikatan lafiya baƙi. Bizar H-1B ta kamfanoni da ƙuri'a ake raba ta, guda 65,000 a shekara da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri na jami'o'in Amurka, kuma a Satumban 2025 aka sanar da kuɗin dala 100,000 kan sababbin buƙatu na waɗanda ke wajen ƙasar. 'Yan uwanmu na Cadi kuwa, a Yunin 2025 aka sa ƙasarsu cikin goma sha biyun da aka hana 'ya'yansu shiga. Akwai yarjejeniyar amincewa da takardun juna tsakanin ƙungiyoyin Amurka da Kanada da Birtaniya da Ostireliya da Ailan da Niyu Zilan, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki.

Faransa ita ce ke yaudarar yaranmu, don suna ganin yare ɗaya ne, littattafan da suka karanta ma daga can suka zo. Tun 2013 karatun ortofoni a Faransa shekara biyar ne, kuma takardar da aka samo a wajen Tarayyar Turai ba ta buɗe ƙofar aiki kai tsaye. Hanyar da aka saba bi ita ce a nemi gurbi a koma aji, gurbin kuma ƙidayayye ne, 'yan ƙasar ma kokawa suke a kansa. Wannan ba raina makarantarku ba ne. Sashen da aka buɗe a makarantar ENAM ta Lome a 2003 shi ya raya wannan sana'a a Afirka mai amfani da Faransanci, kuma na ga ɗalibansa suna aikin da zan sa hannu a kai ko'ina. Matsalar lissafin shekaru ne da matakin digiri.

Sai Kanada, wadda kika tambaya, kuma a ganina nan ne ɗan Kamaru ko ɗan Cadi ya fi samun haske, saboda Faransancin da muke da shi su nemansa suke yi. Tun 2016 suna da tsarin da ke ba mai jin Faransanci damar samun takardar aiki a wajen lardin Kebek ba tare da mai ɗaukar aikin ya sha doguwar wahalar tabbatar da cewa ya rasa ɗan ƙasa ba. Shi mai ɗaukar aikin ne ke shigar da tayin a shafin gwamnati, ya biya dalar Kanada 230 daga aljihunsa, ya ba ki lamba. A ɗaya tsarin, wanda ake binciken kasuwar aiki, dala 1,000 yake biya, kuma doka ta hana shi karɓar kuɗin daga hannun ma'aikaci, kamar yadda ta hana a caje ki kuɗin samo miki aiki. Ki auna wannan da miliyan biyu da rabi. Sannan tun 2023, a tsarin zama na dindindin da suke kira Express Entry, suna ware zaɓe na musamman ga masu ƙarfin Faransanci, a nan ko tayin aiki ba dole ba ne. Abin da ake so shi ne sakamakon jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF ta Kanada, da tantance takardun karatu, da shaidar shekarun aiki, da kuɗin riƙe kai a banki.

Sai dai ki lura, shiga ƙasar daban, izinin yin sana'ar daban. Kowane lardi da hukumarsa: OOAQ a Kebek, CASLPO a Ontariyo, kuma ma'auninsu digiri na biyu ne. Mai takardar shekara uku ta shirya jin cewa sai ta ƙara darussa da koyon aiki, ko ta yi digirin gaba ɗaya a jami'a irin ta Montiriyal ko Laval ko Ottawa. Wasu kan fara da aikin mataimakin ortofonis a makarantu suna tara kuɗin karatu. Hanya ce mai kyau, amma ta shekaru ce, ba ta wata uku ba.

Ga masu Larabci, musamman 'yan Njamena da Kuseri da Abeshe, ƙasashen Larabawa ma suna ɗauka. A Saudiyya sai an bi ta hukumar tantance ma'aikatan lafiya, a tura takardu kamfanin DataFlow ya bincika har makarantar da ta bayar, sannan a zauna jarrabawa. Larabcin Shuwa zai taimaka, amma ba shi yaron Riyad ke ji a gida ba, sai an sake horar da kunne.

Bara wani ƙanenmu a sana'a ya kawo mini takardar da aka aiko masa bayan ya biya kashin farko. Ga jan ganyen tutar Kanada a sama, ga hatimi har biyu, ga sa hannu mai lanƙwasa. Da muka duba ƙasa, adireshin da za a mayar da amsa na Gmail ne, sunan asibitin kuma babu shi a garin da aka ambata. Ya zauna ya yi shiru, takardar na rawa a hannunsa, don kuɗin na aurensa ne. Har yau abin na ci mini rai. A Kanada ba mai ikon karɓar kuɗi ya ba da shawarar shige da fice sai lauya ko mataimakin lauya mai lasisi, ko notaren Kebek, wato mai shaidar takardun doka, ko wanda ke cikin rajistar hukumar masu ba da wannan shawara, kuma rajistar a buɗe take a intanet. Ki tambayi mutuminki cikakken sunansa da lambar rajistarsa, ki duba da idonki.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, abin da zan so ki fara yanzu shi ne rubuta wa makarantarku ta Lome ki nemi cikakken bayanin kowane darasi da yawan awanninsa, da awannin koyon aiki, an rarrabe na yara da na manya, na in'ina da na murya da na haɗiya da na ji. Wannan takarda ita hukumomi ke dubawa fiye da kwalin kansa. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta irin majinyatan da kike gani da awannin da kike yi, ba tare da sunayensu ba, shugaban asibitinku yana sa hannu. Kuɗin da za ki iya tarawa ki zuba su a jarrabawar yare. Dokokin biza suna sauyawa kusan kowace shekara, don haka ranar da za ki cika wata takarda ki karanta ta a shafin gwamnatin ƙasar da kanki.

Ba zan ce kada ki tafi ba, ni ma na san abin da ake biyan mu. Amma ina roƙonki ki dubi abin da ke hannunki kafin ki raina shi. Muna cikin yankin sanƙarau, kowace bazara tana barin yara da kurumta. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ga hawan jini da ke kayar da manya, ga yaran da aka ɗinke musu tsagaggen leɓe da ganɗa aka sallamo su ba mai koya musu fitar da sauti. Yaro ya yi nauyin baki, sai a kai shi wajen wanzami a yanke linzami ko a cire beli, alhali sau da yawa kunnen ne ba ya ji. Mai takarda irin taki da ke jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, a tsakanin Ngaundere da Njamena, ba su da yawa. Makarantun kurame, da cibiyoyin gyaran gaɓoɓi, da ƙungiyoyin agaji masu aiki da naƙasassu a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da gabashin Cadi duk suna buƙatar irinki, kuma shekara biyu da su tana ƙara wa takardunki nauyi a idon kowace hukuma. Katunan gwajin da muke amfani da su ma daga Turai suke, da hoton dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, sai ka nuna wa yaron unguwar Yelwa ya yi shiru a rubuta cewa bai san kalma ba. Ni da kaina na sa wani mai zane ya yi mini ƙwarya da akuya da tulu da babur. In kina so zan aiko miki da su ki gwada a kan yaranki na Garwa, ki rubuto mini waɗanda suka gane da waɗanda suka kasa, tare da amsar da Lome ta ba ki, mu duba awannin tare.